Ayar da ta ƙi buɗuwa: yadda ake bin tambaya mai wuya a Littafi Mai Tsarki

Mai bi a ƙasar Katsina ba ya rasa mai yi masa tambaya. Wata takan fito daga maƙwabcinsa na rumfar kasuwa, wanda suke cin abinci kwano ɗaya, ya ce masa idan Allah ɗaya ne, to ina maganar Ɗa ta samo asali. Wata daga ɗalibin sakandare take zuwa, wanda ya ga bidiyo a waya ana cewa Littafi Mai Tsarki yana saɓa wa kansa. Mai nauyin cikinsu kuwa daga bakin matar da 'yan bindiga suka kashe mata miji a gona take fitowa. Kuskuren da mai bishara ko dattijon ikilisiya ya fi faɗawa ciki shi ne auna tambayoyin nan duka da mudu ɗaya. Sai ka ji an ce "asirin Allah ne" a kan abin da karatun minti 10 zai warware, ko kuma a kwararo dogon bayani a wurin da Littafin kansa ya kame baki. Bakanike ba ya sauke inji kafin ya leƙa tanki ya ga ko akwai mai. Kafin a amsa tambaya, a fara gane irinta, domin kowace iri da kayan aikinta.

Mafi yawan ayoyin da ke rikita mutane, tsinke su aka yi daga jikinsu. Lambobin sura da aya ba marubutan ne suka sa su ba. Rabon surorin da muke bi aikin Stephen Langton ne, wani babban limamin Ingila, a farkon ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai ɗab'i Bafaranshe, Robert Estienne, ya fito da su a 1551. Bulus wasiƙa ya rubuta, kuma babu uban da ɗansa zai aiko masa wasiƙa daga Legas ya karanta layi na 13 kaɗai ya ninke takardar. Saboda haka aikin farko ga wanda zai yi wa'azi ko ya jagoranci nazari shi ne ya karanta sakin layin da ayar take ciki, da na gabansa, da na bayansa, sau uku, ɗaya a bayyane da murya. Sannan ya ɗauki biro ya rubuta: wa ke magana, da wa yake yi, a wane hali suke, me aka faɗa kafin nan. Idan littafin gajere ne, a karance shi a zama ɗaya. Filibiyawa ayoyi 104 ne kacal, ba ya cin fiye da minti 15.

Wanda ya yi haka ba zai ƙara liƙa Filibiyawa 4:13, mai cewa zan iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa ni, a kan cin jarrabawa ko samun kwangila ba. Ayoyi na 11 da 12 sun nuna Bulus, yana tsare, yana cewa ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. "Kome" ɗin da zai iya ta wurin mai ƙarfafa shi ya haɗa da kwana da yunwa ba tare da ya yi gunaguni ba.

Irmiya 29:11 ta fi wannan shan wahala a hannunmu. Ana rubuta ta a katin biki da jikin mota, cewa Allah yana da shirin alheri dominmu. Gaskiya ne, amma wasiƙa ce ga mutanen da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Aya ta 10 ta ce sai bayan shekara 70 za a komo da su, wato yawancin waɗanda suka ji karatun wasiƙar a baƙuwar ƙasa za a binne su. A sura ta 28 akwai wani Hananiya da ya yi musu albishir cewa cikin shekara biyu kome zai ƙare. Shi ne mai daɗin baki, shi ne kuma annabin ƙarya, bai ga ƙarshen shekarar ba. Abin da aka umarci bayin su yi yana ayoyi na 5 zuwa 7: su gina gidaje, su yi shuka, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, su yi masa addu'a. A ganina ikilisiyar da ke zaune tsiraru a Katsina ko Daura ko Funtuwa ta fi bukatar aya ta 7 a bangonta fiye da ta 11.

Tambayar "wa ke magana" ba wasa ba ce. A addu'ar dare ana yawan ɗaga Ayuba 22:28, cewa za ka zartar da abu ya tabbata. Mai wannan magana Elifaz ne, ɗaya daga cikin abokan Ayuba, kuma a cikin surar nan, ayoyi na 5 zuwa 9, ya ɗora wa Ayuba laifin hana mai ƙishi ruwa da korar gwauraye hannu wofi, abin da Ayuba bai yi ba. A 42:7 Ubangiji ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kan Elifaz da abokansa biyu domin ba su faɗi daidai game da shi ba. Ba kome ne Elifaz ya faɗa ƙarya ba, Bulus ma ya ɗauko maganarsa ta 5:13 a 1 Korantiyawa 3:19. Amma ba a ɗaukar maganarsa a matsayin alkawarin Allah sai wani wuri ya goyi bayanta. Haka Zabura 105:15, "kada ku taɓa shafaffuna", wadda wasu ke garkuwa da ita in an tambaye su lissafin baiko. Ayoyi na 9 zuwa 14 sun nuna Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake nufi, suna 'yan kaɗan suna yawo tsakanin sarakuna. Yadda ake bi da zargi a kan shugaban ikilisiya yana 1 Timoti 5:19-20: shaidu biyu ko uku, in ya tabbata a tsauta masa a gaban kowa.

Sai irin rubutun. Bahaushe bai kamata ya sha wuya a nan ba, don ya san karin magana ba hukuncin alƙali ba ne. Muna cewa gaggawa aikin Shaiɗan, muna kuma cewa da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, babu wanda ya taɓa cewa Hausa ta saɓa wa kanta. Karin Magana 26:4 ta ce kada a amsa wa wawa bisa ga wautarsa, aya ta 5 ta ce a amsa masa. Wanda ya jera su kafaɗa da kafaɗa ya san abin da yake yi: sanin lokacin kowace ita ce hikimar. Inda abin ke ɓaci shi ne a mai da karin magana alkawari. Ana karanta 22:6, ta horon yaro a hanyar da zai bi, sai uwar da ɗanta ya kangare ta koma gida tana tuhumar kanta ko tana tuhumar Allah. Ayar tana faɗin yadda abu yakan kasance ne, kamar mu ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba takardar garanti ba ce.

Labari kuma yana faɗin abin da ya faru, ba lalle abin da ya kamata ba. Nan maganar auren mace fiye da ɗaya take shigowa, kuma a ƙauyukan Malumfashi da Ƙafur ba maganar aji ba ce, maganar gida ce. Ibrahim da Yakubu da Dawuda duk sun tara mata, Sulemanu har 700 da ƙwaraƙwarai 300 bisa ga 1 Sarakuna 11:3. Marubucin bai cika tsayawa ya ce wannan kuskure ne ba, sai dai ya bar ka ka shiga gidan ka gani: Saratu da Hajara, Lai'atu da Rahila, Hannatu tana kuka ta ƙi cin abinci. Kalmar Ibrananci da aka kira Feninna, kishiyar Hannatu, da ita a 1 Sama'ila 1:6 daga tushen ƙunci da gaba take, kamar yadda tamu kishiya ta fito daga kishi. Tsarin farko yana Farawa 2:24, Yesu ya koma kansa a Matiyu 19:4-6, kuma 1 Timoti 3:2 ta ce shugaba ya zama mai mace ɗaya. Duk da haka Maimaitawar Shari'a 21:15-17 ta kare haƙƙin ɗan matar da ba a so, ba ta ce a kore ta ba. To mutumin da ya tuba yana da mata uku da 'ya'ya 14 fa? Babu ayar da ta ce ya saki biyu. Taron bishop-bishop na Angilika a Lambeth a 1888 ya hana yi wa irin wannan mutum baftisma. A 1988 taron ya sake duba maganar, ya yarda a yi masa, da sharaɗin ba zai ƙara aure ba muddin ɗaya daga cikin matan tana raye, ikilisiyar wurin ta amince, kuma ba za a tilasta masa sakin kowa ba saboda halin da matan za su shiga. Shekara 100 cif aka yi tsakanin hukuncin biyu, Littafin kuwa bai canza ba. Ɗarikoki har yau ba bakinsu ɗaya ba, don haka mai bishara ya san tsarin tasa kafin ya yi wa mutum alkawari ko ya yanke masa hukunci.

Wani lokaci matsalar a kalma ɗaya take. An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, in ban da 'yan wurare na Aramiyanci kamar Daniyel 2:4 zuwa 7:28, Sabon kuma da Helenanci. Abin da ke hannunmu fassara ce. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi fice a ciki, aka kuma sake sabuwar fassara wajen ƙarshen shekarun 1970. Shi ya sa tsoho yake cewa Yohanna da Misalai da Kubawar Shari'a, jikansa yana cewa Yahaya da Karin Magana da Maimaitawar Shari'a. Wannan bambanci alheri ne ga mai nazari. A ajiye fassara biyu aƙalla a gefe da gefe, yanzu ma a waya ake samunsu. Inda suka yi daidai a wuce. Inda suka rabu a ja layi, domin nan ne kalmar asali take da faɗi, kuma kada a gina wa'azi dungum a kan kalmar da fassara ɗaya ce kawai ta kawo ta.

Kuturta misali ne da ya shafe mu, mu da muke da Babbar Ruga a gefen garin Katsina, inda mishan ta SIM ta yi jinyar kutare tun shekarun 1930. Kalmar da ke Littafin Firistoci sura 13 da 14 tana kama fatar mutum, tana kama tufa (13:47-59), tana kama bangon ɗaki (14:33-53). Cutar da likitoci ke kira kuturta, wadda Hansen ɗan Norway ya gano ƙwayarta a 1873, ba ta kama riga balle bango. Kalmar Ibranancin ta tattara cututtukan fata iri-iri har da fumfuna, kuma maganar tsarkin shiga sujada ake yi. Wanda ya ɗauki surorin nan ya ce wa mai kuturta la'ana ce ta same shi, ya yi kuskuren fassara ya kuma yi zalunci. Cutar tana warkewa da haɗin magunguna na wata 6 ko 12, kyauta ake bayarwa.

Luka 14:26 ta fi taɓa zuciya, inda aka ce wanda bai ƙi uwa da uba ba ba zai zama almajiri ba. Bahaushe ya ji wannan, sai ya ce wane irin addini ne ke raba ɗa da mahaifi. Maganin yana hannu: a duba inda aka faɗi magana iri ɗaya a wata Bishara. Matiyu 10:37 ta ce wanda ya fi son uwa ko uba a kaina bai cancanta da ni ba. Farawa 29:30-31 ta nuna salon: aya ɗaya ta ce Yakubu ya fi son Rahila, mai bi mata ta ce an ƙi Lai'atu. A bakinsu "ƙi" yakan zama sa abu a baya. Yesun nan ne ya tsauta wa masu fakewa da baiko su hana iyaye taimako a Markus 7:9-13, yana kan gicciye kuma ya damƙa uwarsa a hannun almajirinsa. Sabon mai bi da ya daina gaida iyayensa bai samu izini daga wannan aya ba.

Akwai tambayar da fastoci da yawa ke gudu, alhali ita ce ta fi sauƙin amsawa da gaskiya, wato maganar kwafi. Kafin injin ɗab'i da hannu ake kwafe littafi, hannu kuwa yakan zame. 2 Sarakuna 8:26 ta ce Ahaziya yana da shekara 22 da ya hau sarauta. A rubutun Ibrananci na 2 Tarihi 22:2 an sa 42. Lissafi ya raba gardamar: ubansa Yehoram ya hau yana da 32, ya yi shekara 8, ya mutu yana da 40, ɗa kuwa ba ya girme ubansa. Mai kwafi ne ya yi tuntuɓe a lamba, shi ya sa fassarori da dama suke sa 22 a wuraren biyu. A Sabon Alkawari manyan wuraren guda biyu ne: Markus 16:9-20 da Yahaya 7:53 zuwa 8:11, waɗanda babu su a kundayen Sinaiticus da Vaticanus na ƙarni na 4. Sai 1 Yahaya 5:7 a dogon sigarta mai ambaton Uba da Kalma da Ruhu a sama, wadda Erasmus, masanin da ya buga Sabon Alkawari na Helenanci, bai sa a bugunsa na 1516 ba, ya sa a na 1522, ta nan ta shiga tsohuwar fassarar Turanci ta 1611.

Abin yi a nan a fili yake. Kada a ɓoye wa matasa, domin ranar da suka ji daga bakin wani za su ɗauka an yaudare su. A nuna musu ɗan rubutun ƙasan shafi, a gaya musu Kiristoci ne da kansu suka gano bambancin suka buga shi, saboda kwafin Helenanci sama da 5,000 ne ake gwadawa da juna. A ambaci naɗaɗɗen littafin Ishaya da aka samu a kogon Kumran a 1947, wanda ya girmi kwafin Ibranancin da aka dogara da su da kusan shekara 1,000, aka kuma tarar littafin shi ne dai, bambancin yawanci na rubutun kalma ne. Sannan kada a kafa koyarwa a kan ayar da ake shakkar asalinta. Wanda ya kare Triniti, wato koyarwar Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da 1 Yahaya 5:7 ya jingina da katangar da damina ta jiƙa, wanda ya ɗauki maciji saboda Markus 16:18 kuwa asibiti zai kwana, in ya yi sa'a.

Maganar cewa wasiƙar Bulus da ta Yakubu a Sabon Alkawari sun saɓa wa juna ba ta bukatar dogon zance. Romawa 3:28 ta ce ta bangaskiya ake kuɓuta ba da ayyukan Shari'a ba, Yakubu 2:24 ta ce da ayyuka, ba bangaskiya kaɗai ba. Bulus yana amsa wa mai cewa sai an yi kaciya, Yakubu yana amsa wa mai cewa ya gaskata alhali ɗan'uwansa na kwana da yunwa. Afisawa 2:8-10 ta haɗa su a numfashi ɗaya.

Yanzu tambayar maƙwabci. Idan ya ji "Ɗan Allah", abin da ke zuwa masa shi ne aure da haihuwa, kuma yana da gaskiya da ya ƙi wannan, mu ma mun ƙi. Da wannan ake farawa, a faɗa a sarari: babu Kirista mai koyar da cewa Allah ya yi mata, kuma Maryamu ba ta cikin Triniti. Luka 1:34-35 ta ce budurwa ce, ikon Maɗaukaki ne ya rufe ta. Sannan a nuna cewa "ɗa" a Littafin ya fi haihuwar jiki faɗi. An kira Isra'ila ɗan fari a Fitowa 4:22, an kira sarkin zuriyar Dawuda ɗa a 2 Sama'ila 7:14. Hausa ma tana da ɗan gari da ɗan kasuwa, babu wanda ya ce kasuwa ta yi naƙuda. Sai dai a yi hattara, wannan misali share hanya kawai yake yi. Idan aka tsaya nan an mai da Yesu ɗaya daga cikin bayin da aka girmama, alhali Yahaya 1:1 da 1:14 suna cewa Kalman yana tare da Allah tun fil azal, shi Allah ne, ya kuma zama mutum. A 17:5 yana maganar ɗaukakar da yake da ita wurin Uba kafin duniya ta kasance, a 20:28 Toma ya kira shi Ubangijina da Allahna bai hana shi ba.

Kalmar Triniti ba ta cikin Littafin, a yarda da wannan ba tare da jin kunya ba. Tertullian na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, yana cikin na farko da suka yi amfani da ita wajen shekara ta 200. Suna ne da aka ba abubuwa uku da nassi ya faɗa tare: Allah ɗaya ne (Maimaitawar Shari'a 6:4, wadda Yesu ya maimaita a Markus 12:29), Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki kowanne ana kiransa Allah, kuma ba su ne juna ba. Da Ariyus na Iskandariya ya ce akwai lokacin da babu Ɗan, taron Nikiya na 325 ya amsa cewa haifaffe ne, ba halittacce ba. Ayoyi irin su Yahaya 14:28 da Markus 13:32, inda Yesu ya ce Uba ya fi shi ko bai san ranar ba, ana karanta su tare da Filibiyawa 2:6-8, wato ƙasƙantar da kansa da ya yi da ya ɗauki surar bawa. Taron Kalsidon na 451 ya tsaya a kan cewa cikakken Allah ne, cikakken mutum ne.

Misalan da muke so su ne ke kai mu rami. Ruwa da ƙanƙara da tururi abu ɗaya ne mai sauya kama, haka mutumin da yake uba a gida, manomi a gona, dattijo a ikilisiya. Wannan koyarwar Sabeliyus ce da ikilisiyar farko ta ƙi, kuma baftismar Yesu a Markus 1:9-11 ta rushe ta, don Ɗa yana cikin ruwa, Ruhu yana saukowa, Uba yana magana, duk a lokaci guda. Duwatsun murhu uku da tukunya ɗaya sun yi kuskure ta ɗaya gefen, sun mai da kowanne sulusin Allah. Gara a faɗi abubuwa ukun nan da nassinsu, a ce Allah ba shi da misali a cikin halittarsa, maganar da maƙwabcin ma ba zai musa ba. 1 Bitrus 3:15-16 ta ce a ba da amsa da tawali'u da ladabi. A garin da gardamar addini take iya zama wuta, wannan ya haɗa da sanin wurin da za a yi zancen: a zaure tsakanin mutum biyu da suka san juna, ba a tasha ba, ba kuma a ƙarƙashin rubutun Facebook ba. Ka bayyana naka, kada ka taɓa abin da yake girmamawa.

Tambayar kare kai ta rage rabi a buɗe. Matiyu 5:39 tana maganar mari a kuncin dama, wanda mai amfani da hannun dama sai da bayan hannu zai yi shi, wato cin mutunci ne, ba harin dare ba. Luka 22:36 ta ambaci sayen takobi, amma da aka zare shi a daren nan Yesu ya hana, ya warkar da kunnen da aka sare. Masu bi na gaskiya sun rabu a nan tun da daɗewa: Agustin, babban malamin ikilisiya na dā, ya yarda hukuma ta yi yaƙin kare marasa ƙarfi, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya kuwa ta fito daga gidan da ya ƙi ɗaukar makami. Abin da babu saɓani a kansa ya isa a yi aiki da shi. Ramuwa ba tamu ba ce (Romawa 12:19). Ba a kama wani da laifin wani (Ezekiyel 18:20), don haka ba a ƙona rugar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Gudu ba rashin bangaskiya ba ne (Matiyu 10:23). Neman haƙƙi a gaban hukuma halal ne, Bulus ya yi a Ayyukan Manzanni 22:25 da 25:11.

Ta matar nan da aka kashe wa miji ita ce ba ta da mabuɗi a hannunmu, kuma a nan ne masu ilimi suka fi yin ɓarna. Abin da Littafin ya hana a faɗa a bayyane yake. A Luka 13:1-5 an kawo wa Yesu labarin waɗanda Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi kowa zunubi ba. A Yahaya 9:2-3 ya ƙi ɗora makantar mutum a kan laifinsa ko na iyayensa. Saboda haka kada kowa ya shiga gidan makoki a Batsari ko Faskari yana neman zunubin da ya jawo harin, bindigar daji ba ta ma tambayar addinin wanda ta samu. Romawa 8:28 gaskiya ce, amma ba ta ranar farko ba ce. Maganar Farawa 50:20, cewa kun nufi mugunta Allah ya nufi alheri, Yusufu ne ya faɗe ta da bakinsa, shi da aka cuta. An sayar da shi yana da shekara 17, ya tsaya gaban Fir'auna yana da 30, ya sadu da 'yan'uwansa yana da 39, Yakubu ya ƙara shekara 17 a Masar kafin ya rasu. Kusan shekara 40 ke nan kafin wannan jimla ta fito, kuma ba mai zuwa gaisuwa ne ya faɗa masa ita ba.

Abin da ya dace a kai gidan shi ne abin da abokan Ayuba suka yi daidai kafin su buɗe baki: kwana 7 suna zaune a ƙasa tare da shi (2:13). A je mutum biyu, a ɗauki hatsi ko abin cefane, zumuntar mata ta raba kwanakin girki, a rubuta ranar da za a koma bayan mako biyu, sa'ad da 'yan gaisuwa suka watse. In ta ce "ina Allah yake", kada a tsawata mata, Habakuk ya buɗe littafinsa da irin wannan tambaya, Yesu ma ya ɗauki farkon Zabura 22 a kan gicciye. In za a yi karatu, a zaɓi na makoki, kusan sulusin Zabura irinsu ne. Yawancinsu sukan juya zuwa yabo kafin su ƙare, kamar Zabura 13. Zabura 88 ba ta juya ba: ta fara da kuka dare da rana, ta ƙare da duhu, aka kuma bar ta haka cikin littafin waƙoƙin sujada, har da sunan waɗanda za su rera ta a samanta.